Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Tikitin Louvre da Abin da Ba Ya Iya Saya

Duk wanda ya tashi shirin zuwa gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris a yau, da wayarsa yake farawa. Zai shiga intanet ya zaɓi rana, ya zaɓi sa'a, ya biya, a turo masa tikiti ɗauke da lokacin shigarsa. Kafin ya rufe shafin, tallace-tallace sun yi masa caa. Wannan kamfani ya ce zai shigar da shi ba tare da bin layi ba, wancan ya yi alkawarin nuna masa manyan abubuwa goma cikin sa'a biyu, wani kuma ya ce kai tsaye zai kai shi gaban zanen Mona Lisa. Wannan salon ziyara ya zama ruwan dare, ba a Faris kaɗai ba, har a gidan tarihin fadar Fafaroma da ke Rum da sauran manyan gidajen zane na Turai. Abin yana damuna, domin mun ƙware wajen shirya yadda za mu shiga, amma mun bar shirya yadda za mu kalla.

Ba tikiti mai lokaci nake ƙorafi a kansa ba, shi kam dole ce ta kawo shi. Louvre fadar sarakunan Faransa ce a da, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarar 1793. Dalar gilashin nan da ake shiga ta ƙarƙashinta, wadda maginin nan I. M. Pei ya tsara aka buɗe a 1989, an yi ta ne da lissafin baƙi kimanin miliyan huɗu a shekara. Amma a 2018 mutum miliyan 10.2 ne suka shiga, a 2024 kuma miliyan 8.7, duk da cewa an taƙaita adadin masu shiga zuwa 30,000 a rana. A watan Yunin 2025 sai da ma'aikatan gidan suka ƙi buɗe ƙofa na wasu sa'o'i, suna kukan cunkoso da ƙarancin hannu. Gidan da ke karɓar irin wannan tururuwa ba shi da zaɓi illa ya raba wa mutane lokaci. Gara a ce maka zo da ƙarfe goma da rabi, da ka wuni tsaye a sanyi kana jiran tsammani.

Damuwata tana farawa ne bayan an wuce ƙofa.

Zuwana na farko cikin ayari na shiga. Mu kusan ashirin ne, kowa da ɗan abin saurare a kunne, jagoranmu na gaba yana ɗaga wata 'yar tuta don kada mu ɓace. Muka hau matakala, ya nuna mana mutum-mutumin nan mai fukafukai marar kai, aka ɗau hoto, aka wuce. Muka ratsa doguwar farfajiyar zanen Italiya kamar masu neman kama jirgin ƙasa. Daga nan sai ga mu a babban zauren da Mona Lisa take. An gitta igiyoyi, layi na lanƙwasa kamar na banki ranar biyan albashi. Can gaba, bayan gilashi mai kauri, ga zanen: ɗan ƙarami ne, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53, an yi shi a kan allon katako. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mafi yawan waɗanda suka isa gaba, bayan duk wannan jira, suke juya wa zanen baya, su ɗaga waya, su yi murmushi. Na ga wata mata da ta iso, ta juya, ta ɗau hotonta sau uku, ta duba wayar ta ga ya yi kyau, ta fita. Idonta bai sauka a kan allon ba ko sau ɗaya. Ni ma da nawa lokacin ya zo, ban yi minti guda ba ma'aikaci ya yi mini nuni da hannu in matsa, domin ɗaruruwa na baya. Na fito da hoto a waya, amma da za a tambaye ni abin da ke bayan matar a cikin zanen, ba zan iya faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici daga baya na gane shi. A bangon da ke fuskantar Mona Lisa akwai zane mafi girma a duk gidan, wato Bikin Kana na Paolo Veronese, wanda ya kammala a 1563. Faɗinsa ya kusa mita goma, tsayinsa ya kusa bakwai, cike yake da mutane sama da ɗari, da makaɗa, da masu hidima, da karnuka. Sojojin Napoleon ne suka ɓamɓaro shi daga bangon wani gidan ibada a Benis a 1797, suka naɗe shi suka kawo Faris. Wannan katafaren aiki yana nan, dubban mutane suna tsaye a gabansa kullum, amma ƙeya suke ba shi, saboda ba ya cikin jerin abin da aka ce musu dole su gani.

To wa ya rubuta wannan jeri? Leonardo da Vinci, wanda ya zana Mona Lisa, gwani ne, ba mai musu, kuma wanda ya samu natsuwa ya dubi yadda ya narkar da haske cikin inuwa a gefen bakin matar da idanunta zai san aikin ba na wasa ba ne. Amma sunan da zanen ya yi a duniya ba daga gwanintar kaɗai ya zo ba. A watan Agustan 1911 wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa aiki a gidan, ya sace shi. Jaridun duniya suka ɗauka, mutane suka riƙa zuwa kallon gurbin da aka cire shi, har aka gano shi a Italiya a ƙarshen 1913. Tun daga nan suna ya haifi suna. Da yawa daga cikinmu ba zanen muke zuwa gani ba, sunansa muke zuwa gaisarwa, mu ɗauko shaidar cewa mun je.

Na san abin da ke tura mutane wannan gudun. Tikiti ba arha ba ne. Yuro 17 ne a da, ya koma 22 a 2024, kuma daga Janairun 2026 baƙon da ya fito daga wajen Tarayyar Turai da 'yan ƙasashen da ke haɗe da ita, wato irinmu, yuro 32 yake biya. Ƙara da kuɗin biza, da jirgi, da masauki. Wanda ya kashe wannan dukiya yana jin dole ya fanshe, ya ga komai. Sai dai komai ba ya ganuwa. Kayan da aka baje a Louvre sun kai kusan 35,000. Ko da rabin minti kacal za ka ba kowanne, kana zuwa daga buɗewa da ƙarfe tara har rufewa da ƙarfe shida, sai ka haura wata guda ba ka gama ba. Tun da haka ne, zaɓi ya zama tilas. Tambayar kawai ita ce: kai za ka zaɓa, ko mai talla ne zai zaɓa maka?

Da Allah ya sake kai ni, sai na canza shiri. Na sayi tikiti daga shafin gidan da kansa, na duba taswira tun a masauki, na ce abu uku kawai zan gani. Na nufi sashen fasahar ƙasashen Musulmi, wanda aka buɗe a 2012 ƙarƙashin wani rufi mai ruwan zinariya da ke kama da mayafin da iska ta ɗaga. Can babu turereniya. Na tsaya gaban wata tasa ta tagulla da aka ƙera a zamanin daular Mamluk mai mulkin Masar da Sham, a farkon ƙarni na 14. Faɗinta kimanin rabin mita ne. Da farko tasa kawai na gani mai ado. Da na yi minti biyar, sai mahaya suka fara fitowa, kowa da dokinsa da makaminsa. Na ga fadawa a jere, wani riƙe da tsuntsun farauta, wani da dabba a hannu. Kowace fuska an lulluɓe ta da azurfa, an buga ta cikin jikin tagullar, an zana ido da gemu da abin da bai fi bakin allura kauri ba. Na leƙa cikin tasar, sai ga kifaye da sauran halittun ruwa suna kewaya gindinta, yadda in an zuba ruwa za su zama kamar suna iyo. Maƙerin, Muhammad ibn al-Zayn, ya sa hannu a jikinta har wuri shida, kamar mai cewa kada ku manta da ni. Daga baya tasar ta faɗa hannun gidan sarautar Faransa, suka riƙa yi wa 'ya'yansu wankan baftisma a cikinta. Na yi fiye da rabin sa'a ina zagaya ta. Shekaru sun wuce, amma yau ko na rufe ido ina ganin waɗannan kifayen.

Irin wannan kallo ba baƙo ba ne a wurinmu. Ka tuna yadda dattijo yake sayen babbar riga a kasuwa. Ba ya tsayawa daga nesa ya ce ta yi kyau. Zai ɗaga ta ga haske, ya bi aikin aska da yatsa, ya juya ta baibai ya ga yadda zaren ya kwanta a ciki, sannan ya san ko hannun gwani ne ya yi ko na ɗan koyo. Haka uwa take duba ƙwarya mai zane ko tabarma kafin ta saya wa 'yarta. Mun gaji idon da ya san aikin hannu yana son a ba shi lokaci. Abin kunya ne mu tsallaka teku, mu je inda aka tara aikin gwanayen duniya, sannan mu bar wannan idon a gida mu tafi da na waya kawai.

Ba ina cewa a guji jagora ba. Jagora na ƙwarai alheri ne. Shi ne zai tsayar da kai gaban baƙin dutsen da aka rubuta dokokin Hammurabi sarkin Babila kusan shekara 3,800 da suka wuce, ya karanta maka hukuncin da aka tanadar wa maginin da gidansa ya rushe a kan mai shi, har ka ji kamar jiya aka rubuta. Abin da za ka tambaya kafin ka biya shi ne: mutum nawa ne a ayarin, wurare nawa za a tsaya, minti nawa za a yi a kowanne? Wanda ya ce zai nuna maka abu ashirin cikin sa'a ɗaya da rabi, rakiya zai yi maka, ba koyarwa ba. Kuma a sani, alkawarin tsallake layi yana da iyaka, domin binciken tsaro a bakin ƙofa kowa sai ya bi shi.

Wani zai ce: mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, kwana ɗaya gare shi a Faris, wataƙila ba zai sake dawowa ba, kai wane ne da za ka hana shi ganin Mona Lisa? Gaskiyarsa ne, kuma ban hana ba. Ya je ya gan ta, ya ɗau hotonsa, ya nuna wa iyali. Amma shi ne ma ya fi kowa buƙatar abin da nake faɗa. Mai zama a Faris zai iya dawowa mako mai zuwa. Wanda zuwansa ɗaya ne, shi ya kamata ya tabbata ya koma gida da wani abu a zuciya, ba ciwon ƙafa da hotuna ɗari uku da ba zai sake buɗewa ba.

Akwai kuma abin da jerin manyan abubuwa goma ba zai taɓa gaya wa ɗan Najeriya ba. Lokacin da Louvre ya buɗe wani sashe na fasahar Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi a shekarar 2000, cikin abin da aka baje har da mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankin Sakkwato, waɗanda aka fitar daga ƙasarmu ba bisa ƙa'ida ba. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, aka bar su a hannunta a matsayin aro na shekara 25. Wanda ya bi tutar ayari yana gudu ba zai taɓa tsayawa ya tambayi yadda tasar Masar, da dutsen Babila, da zanen Benis, da yumɓun ƙasarsa suka taru a birni ɗaya ba. Natsuwa ce ke haifar da irin wannan tambaya.

A Janairun 2025 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya sanar da cewa za a gina wa Mona Lisa ɗakinta na musamman da tikitinta daban, a kuma buɗe sabuwar ƙofa a gabashin ginin. Ina maraba da wannan, don zai ba Bikin Kana da sauran zanen zauren damar shan iska. Amma gini ba ya gyara hali. In ba mu canza niyyar da muke shiga da ita ba, gudun da muke yi a tsohon zaure shi za mu yi a sabo.

Saboda haka in Allah ya nufe ka da zuwa, yi duk shirin da ya kamata. Sayi tikiti da wuri, ka tuna ba a buɗewa ranar Talata, ka duba ko ɗakin da kake so yana buɗe a ranar, domin ba kullum ake buɗe dukkansu ba. In ka samu yammacin Laraba ko Juma'a, da ake kaiwa dare, ya fi sauƙin cunkoso. Bayan ka gama wannan, sai ka yi shirin da ya fi duka: zaɓi abu uku ko huɗu, ka karanta labarinsu tun a gida, in ka isa gaban kowanne ka sa waya a aljihu, ka tsaya har sai ya fara nuna maka abin da bai nuna wa mai wucewa ba. Muhammad ibn al-Zayn ya ɓata lokacinsa yana buga azurfa a fuskar kowane mahayi. Rabin sa'a daga cikin ranarka ba ta yi masa yawa ba.