Fim ɗin "Agora" a Ma'aunin Tarihi: Sharhi a kan Siffanta Ilimin Girkawa da Kiristocin Farko

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan fim ɗin "Agora" wanda Alejandro Amenábar, mutumin Sifaniya, ya shirya a shekarar 2009. Fim ɗin ya ƙunshi labarin Hifatiya, malamar lissafi da falaki da falsafa, wadda wasu gungun Kiristoci suka kashe a birnin Iskandariya ta Masar a shekarar 415 Miladiyya. Dalilin ɗauko shi kuwa shi ne, a gari irin Gombe, inda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, abin da ɗalibi ya gani a majigi yakan zauna masa a zuci fiye da abin da ya karanta, har ya riƙe shi hujja a kan maƙwabcinsa.

2.0 Fasaha da Tarihi

Ta fuskar fasaha, dole a yaba wa mashiryin. Sau da yawa yakan ɗaga na'urar ɗaukar hoto can sama, sai a hango masu tarzoma kamar tururuwa. A lokacin da ake wawashe littattafan haikalin Sarafiyum ma sai ya juya hoton ƙasa ta koma sama. Bai kuma ɓoye cewa talakawa da bayi sun rungumi sabon addinin ne saboda abinci da mutuncin da suka samu a cikinsa ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen ilimin kansa. An nuna Hifatiya tana zane a kan rairayi har ta gano cewa duniya ce take kewaya rana, a bisa tafarki mai siffar ƙwai. Babu wata madogara da ta zo da wannan. Aristakus na Samos ya riga ya kawo batun kewaya rana tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya, tafarki mai siffar ƙwai kuwa sai a 1609 Kefla ya bayyana shi. Abin da aka sani game da ita shi ne ta taimaki mahaifinta Tiyon a sharhin littafin Batlimus, wanda ya sanya duniya a tsakiya, an kuma ruwaito ta yi sharhi a kan Abuloniyus da Diyofantus. Wato aikinta koyarwa ne da gyaran matani, irin dai na malamanmu na zaure. A ganin mai wannan sharhi, da mashiryin ya ɗora mata binciken Kefla, ya nuna ke nan bai ɗauki wannan aiki da daraja ba.

Haka nan batun kisan. Sukurat mai tarihin coci, wanda ya yi zamani da ita kuma Kirista ne, ya danganta shi da rikicin iko tsakanin Bishop Siril da gwamna Oristis, ya kuma yi tir da shi. Ɗalibinta Sinisiyus, wanda ya zama bishop, bai gushe yana girmama ta a wasiƙunsa ba, ya kuma riga ta rasuwa. Amma fim ɗin ya raya shi don ya juya mata baya. Wannan ba ya rage munin kisan da komai, sai dai ya nuna yadda aka karkatar da rikicin siyasa ya koma yaƙin addini da kimiyya. Tsohuwar hanya ce, domin mai zane Charles William Mitchell ya bi ta a 1885, inda ya zana ta budurwa tsirara a gaban bagadin coci, alhali ta manyanta lokacin da aka kashe ta.

3.0 Shaidar Harshe

Babban saƙon fim ɗin shi ne fitilar Girkawa ta mutu a Iskandariya, sai bayan shekara 1,200 ta sake kamawa a Turai. A nan ne manazarcin Hausa yake da abin cewa. A ƙarni na 6, a Iskandariyar dai, Yahaya Filofonus, Kirista, ya rubuta littafi a kan usturlabi, na'urar auna taurari. A ƙarni na 9 aka fassara littafin Batlimus zuwa Larabci a Bagadaza da sunan "Almajisti", cikin mafassaransa har da Is'haƙa ɗan Hunainu, shi ma Kirista. Daga wannan kogi ne malaman ƙasar Hausa suka sha: buruji 12 da sunayen Zuhal da Mushtari da masu hisabi suke ambata duk na wannan tsari ne. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littattafai a kan lissafin hatimi da taurari.

Kalmominmu ma shaida ne. "Falsafa" da "dirhami" da "alƙalami" da "Linjila" duk asalinsu Girkanci ne, Larabci ya miƙo mana su. Ita kanta "kimiyya", wadda muke fassara ilimin zamani da ita, ta wannan hanya ta iso Hausa.