Sunaye kaɗai ba su isa ba: sharhi kan Hausar lissafin kusurwa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder a 1973, aikin samar da kalmomin lissafi ya fi karkata ga sunayen abubuwa. An samu kusurwa, da da'ira, da alwatika, aka ɗauka aiki ya yi nisa. Da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya zama wajibi a sake duban wannan tafarki, domin lissafin kusurwa na manyan azuzuwa yana tona rauninsa.

Gardamar da aka fi so ita ce ta sunan sinus: a aro shi ko a fassara shi? Tarihin kalmar ya isa ya kwantar da hankali. Masanan Indiya sun kira abin jiva, watau tsirkiyar baka. Larabawa suka aro ta, kuma da yake rubutunsu ba ya nuna gajerun wasula, sai aka riƙa karanta ta jaib. A ƙarni na 12 masu fassara zuwa Latin suka ba ta sinus, mai ma'anar lanƙwasar riga a ƙirji. Daga wannan al-jaib ɗin Hausa ta samu aljihu. Ke nan sunan da Turai ke tinƙaho da shi kuskuren karatu ne, bai kuwa hana kowa lissafi ba. Aro sinus da kosinus ba abin kunya ba ne.

Matsalar tana cikin kalmar daidai. A dubi jimloli biyu: sin²x + cos²x = 1, da sin x = 1/2. Alamar tsakiyarsu ɗaya ce, da Hausa kuma duka ana karanta ta "daidai da". Amma ta farko gaskiya ce ga kowace kusurwa, ita ce ƙa'idar Fitagoras a kan da'ira. Ta biyu kuwa ba ta tabbata sai a digiri 30 da 150, da abin da aka samu in an ƙara musu cikakken zagaye na 360. Faransanci ya raba su da identité da équation. Ta farko hujja take nema, ta biyu amsa. Ɗalibin da aka ba kalma ɗaya ba zai san wanne aiki aka sa shi ba. Hausa na da abin da za ta raba su: daidaiton dindindin da daidaiton sharaɗi.

Haka nan gwada da tabbatar. Wanda ya gwada sin 2x = 2 sin x a digiri 0 da 180 zai ga ta yi, amma a digiri 90 ɓangare ɗaya ya ba da 0, ɗayan ya ba da 2. Misali guda na iya rushe magana. Misali dubu ba ya tabbatar da ita.

Mafi wuya su ne ƙananan kalmomin haɗi, waɗanda jerin sunaye ba ya kulawa da su. A ɗauki sin x + cos x = 1. In an ninka kowane ɓangare da kansa, za a kai ga sin x cos x = 0, mai amsoshi huɗu a zagaye ɗaya: 0, 90, 180 da 270. Amma a 180 da 270 jimlar farko tana ba da −1. Me ya faru? "Saboda haka" hanya ce mai tafiya gaba kawai. Ba ta alkawarin komowa. Nahawun Hausa ya riga ya bambanta "in an yi kaza" da "sai in an yi kaza", kuma ɗan kasuwa ba ya rikita su wajen ciniki. Abin da ya rage shi ne a tsayar wa kowacce gurbinta a rubutun hujja, a daina sauya su don daɗin magana.

Aikin da ke gaban masanan harshe da malaman lissafi, saboda haka, shi ne su zauna tare su rubuta hujjoji cikakku da Hausa, daga sharaɗin farko zuwa sakamako. A cikin jimla ne za a gane kalmar da ta ɗauki kaya da wadda ta gaza.