Wai Kwamfuta Ta Ce Jijiyarka Ta Ƙandare

Jama'ar Sabo, akwai wata sana'a da ke neman samun gindin zama a unguwar nan. Masu ita kan kafa rumfa a bakin kasuwa ko kusa da masallaci ranar Juma'a, da kwamfuta da wani ɗan ƙarfe da ake ba mutum ya damƙe a hannu. Minti ɗaya ko biyu sai sakamako ya fito: hanta kaza, ƙoda kaza, jijiyoyin jini sun ƙandare. Daga nan sai a jawo kwalin magani.

Abin da ya sa maganar ke shiga kunne shi ne tana da tushe. Jijiyar jinin yaro kamar sabuwar roba take, zuciya ta turo jini ta buɗe, sannan ta koma. Shekaru da hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda da shan taba su ke sa ta tauri kamar tsohon tiyo da ya sha rana. In ta yi tauri zuciya na shan wahala, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru. Kuma gaskiya ne likitoci na iya auna wannan taurin ba yanka ba allura, da na'urar sikanin irin wadda ake duba masu juna biyu da ita.

Amma ku ji yadda ake yi. Awa 3 kafin awon ba abinci, ba taba, ba shayi, goro ma a ajiye shi, duk da na san wannan ne mai wuyar a wajenmu. Mutum ya kwanta rigingine ya huta kamar minti 10. Sai a shafa man sikanin, a ɗora kan na'urar a babbar jijiyar wuya, sannan a ta gindin cinya. Na'urar ta kama lokacin da bugun zuciya ya iso kowane wuri, a auna tazarar da ke tsakani da tef, a fitar da gudunsa. Jijiya mai laushi tana rage wa bugun gudu, a mai tauri kuwa fuu yake wucewa. A lafiyayyen matashi wajen mita 6 ne a daƙiƙa. A 2012 masana a Turai suka tsayar da cewa in ya haura mita 10, alamar lahani ce. Wata hanyar kuma, a kalli jijiyar wuya a allo, a auna yadda take buɗewa da kowane bugu, motsin da bai kai milimita ɗaya ba, a haɗa da awon hawan jini.

To, ƙarfen da ke tafin hannu ta ina ya ga wuya, balle cinya? Ku lura, kafin komai sai sun tambayi shekarunka sun rubuta. Dattijo mai shekara 60, ai ko ba kwamfuta an san jijiyarsa ba ta yaro ba ce.

Hatta awon na gaske ba kowa likita ke tura wa ba, domin abin da za a ce ka yi kusan ɗaya ne: ka riƙe hawan jini ƙasa da 140 bisa 90, ka bar taba, ka riƙa tattaki, ka rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a wuni, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi.

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗi ba. Mai hawan jini da aka ce ga abin da zai "wanke jijiya" yana iya jingine ƙwayar asibiti, hawan jini kuwa sau da yawa ba ya sallama. Shugabannin unguwa da ke ba waɗannan mutane fili, Allah Ya ƙara girma, kafin a shimfiɗa musu tabarma a tambaye su wace jijiya suke aunawa, kuma mita nawa suka samu a daƙiƙa.