Ƙwallon Kwando a Samaru: Al'adar da Ba Ta Iso Tsiga Ba

In ka ambaci Samaru a gaban manomin Tsiga ko Bakori, irin masara da na auduga ne za su faɗo masa a rai, saboda Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can. Amma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ta yi wani suna da mutanenmu ba su cika sani ba. Shekara da shekaru filinta na ƙwallon kwando yana cikin wuraren da ake ƙyanƙyashe 'yan wasa a Najeriya.

Jami'o'in ƙasar nan sun fara gasarsu ta NUGA a Ibadan a 1966, kuma kowacce tana tura 'yan wasa. Abin da ya bambanta Zariya shi ne mutum ɗaya, Oliver B. Johnson, Ba'amurken da ake kira Koci OBJ. Ya zo ya zauna, ya tsufa a bakin filin. Kuma bai tsaya ga masu katin ɗalibta ba. Yaran gari da 'ya'yan ma'aikata sukan zo da yamma, ya koya musu riƙon ƙwallo da jifa, ya tsawata wa mai wasa da karatu. A ganina nan ne ƙarfin al'adar yake. Ɗalibi shekara huɗu yake yi ya tafi, amma yaron da ya fara yana ɗan shekara 13 yana da lokacin da zai ƙware.

Masai Ujiri na cikin waɗannan yara. An haife shi a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, ya tafi Amurka karatu da wasa. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na gasar ƙwallon kwando ta NBA, kuma yana shugabantar Toronto Raptors ƙungiyar ta ci kofin gasar a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda aka kafa a 2003, aikin da aka yi masa a Zariya take yi wa yaran Afirka.

Sai dai abin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana da rauni. A Amurka jami'o'i sun fara karawa da juna a wasan besbol tun 1859, tsakanin kwalejojin Amherst da Williams, suka kafa hukumar NCAA a 1906, har tallafin karatu ga ɗan wasa ya zama tsari. Koci ya tafi, tsari ya ci gaba. Mu kuwa sadaukarwar mutane muka dogara da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne tazarar. Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiyar mota ce ƙanƙanuwa, amma yaro a ƙauyukanmu zai iya gama sakandare bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. Ba ƙarfi ya rasa ba. Duk wanda ya kalli kokawa ko langa bayan kaka ya san akwai dogaye masu zafin nama. Fili da malami ne babu.

Ina kira ga tsofaffin ɗaliban Samaru 'yan wannan yanki da shugabannin ƙananan hukumomi su shimfiɗa fili ko ɗaya ne a makarantar gwamnati, su nemo mai horarwa daga Zariya, su biya shi ya zauna.