Umaru Dembo da yaron da ya riga mu hawa sama

A tsakiyar Oktoba 2024 na je gida Wara. Bayan sallar magariba muka tsaya bakin ruwa muna duban yamma, sai ga ta can saman tafkin Kainji, fara sol, da jela a miƙe sama. Masana suna kiranta Tsuchinshan-ATLAS. Kakata da aka nuna mata, cewa ta yi: “Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba,” ta koma ɗaki abinta. Ni kuwa Umaru Dembo ne ya faɗo mini a rai.

In ba ka san shi ba, mai karatu, shi ne marubucin Tauraruwa Mai Wutsiya, ɗan ƙaramin littafin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, wanda manazarta adabi ke ambata a sahun farko in ana zancen ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka zuwa yawo a sararin samaniya. Ni a akwatin kawuna na tsince shi, bango ya yage, na karance shi da tocila a dare biyu.

Duba shekarar da kyau. A Fabrairun 1969 aka yi bikin buɗe madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta tashi mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu da gungunansu. A Yulin shekarar Neil Armstrong na Amurka ya taka duniyar wata. Wato a lokaci guda mutanen ƙasar Yauri suka ga injiniyoyi sun mayar da kogin Kwara tafki, suka kuma ji a rediyo wai ɗan Adam ya sauka a wata, wasu suka gaskata, wasu suka ce ƙaryar Bature ce. A cikin wannan yanayi Dembo ya sa ɗan Bahaushe ya yi tafiyar da ake ganin ta Turawa ce kaɗai, kuma ya ba da labarin da harshen da yaron ke mafarki da shi. Ya ɗauki abin da ake tsoro, ya yi wa littafin yara suna da shi. Wannan kaɗai ya isa a tuna da shi.

To amma ƙauna ba za ta hana ni faɗin abin da na gani ba da na sake waiwayar littafin bayan na yi digiri. Ƙashin bayansa na tatsuniya ne. Cire sararin samaniya ka sa bangon duniya, cire Kolin Koliyo ka sa aljani, za ka ga ka dawo gidan Ruwan Bagaja da Ganɗoki: jarumi ya bar gida, ya ga abin al'ajabi, ya dawo da labari. Kilba ɗan rakiya ne. Ana kai shi, ana nuna masa, mu kuma muna buɗe baki tare da shi. Abin da nake nema yanzu a labarin kimiyya shi ne wurin da sanin yadda abu ke aiki zai zama shi ne mafita, a auna, a yi kuskure, a sake aunawa. A nan littafin bai ƙosar da ni ba.

Kuma abin haushin, gaskiyar tauraruwar ta fi ƙage daɗi. Ba tauraruwa ba ce ma. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, kamar yadda Fred Whipple ya bayyana a 1950, wanda sau da yawa faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba. In ya kusanci rana sai ƙanƙarar ta riƙa zama tururi, ta kwaso ƙura, jela ta fito har ta kai miliyoyin kilomita. Jelar nan kuma ba baya take bi ba kamar ta saniya. Kullum tana fuskantar nesa da rana, don haka in tauraruwar ta juya za ta koma, jelar ce a gaba. Shi ya sa a Wara muka gan ta a miƙe sama, rana tana ƙasa ta faɗi. Daga wannan ɗabi'a Ludwig Biermann ya gano a 1951 cewa lalle akwai wani abu da ke kwararowa daga rana yana tura jelar, abin da yau ake kira iskar rana. Ka ga, mutum ya dubi wutsiya ya gano iskar da ba a gani. Da Kilba ne ya yi wannan hasashen, da littafin ya kai inda nake so.

Sai dai in yi adalci. Dembo ya rubuta wa yaran da yawancinsu ba su taɓa ganin madubin hangen nesa ba, sai ya shigo musu ta ƙofar da suka saba, ta “ga ta nan, ga ta nanku.” Na fi ganin laifinmu da muka zo baya. Daga shekarun 1980 kasuwar littattafan Kano ta cika maƙil, soyayya da yaƙe-yaƙen jarumai da aljanu, amma hanyar da ya share ta yi ciyawa. A 2014 na'urar Philae ta sauka a kan irin wannan dunƙulen ƙanƙara da gaske, mu kuwa har yau in aka ce a kawo misalin labarin kimiyya da Hausa, littafin 1969 muke fara ɗagawa.

Na bar wa ƙanena kwafin kawu a Wara. Da ya gama sai ya kira ni yana tambaya, wai in jelar tururi ce, me ya sa ba ta ƙarewa? Na ce masa tana ƙarewa, duk zagaye sai ta rage. Ta Halley, mai zuwa kusan duk shekara 76, za ta dawo a 2061 ba ta kai nauyin da ta zo da shi a 1986 ba. Ya yi lissafi ya ce lokacin yana da shekara 49.