Kishore Kumar da Al'adar Aron Murya a Finafinan Indiya

Daga cikin al'adun da masu shirya finafinan Indiya suka rena har suka yaɗa su zuwa ƙasashe masu nisa, babu wadda ta cancanci nazari kamar al'adar aron murya, watau a ɗauki waƙa tun da fari daga bakin gwanin mawaƙi, sa'an nan jarumi ya hau ta yana motsa leɓɓansa, har mai kallo ya sakankance cewa daga ƙirjin wanda yake gani sautin yake fitowa. A finafinan harshen Hindi, a birnin Kalkata aka soma wannan dabara a 1935, cikin fim ɗin Dhoop Chhaon na Nitin Bose. Kafin nan kuwa wajibi ne ɗan wasa ya rera da kansa, ko Allah ya hore masa murya ko bai hore masa ba. Fa'idarta a bayyane take, domin ta ba kowane mai sana'a damar tsayawa kan abin da ya ƙware. Amma illarta ita ce ta raba murya da fuska, alhali kuwa waƙar fim ba ta cika sai ta zama zancen zuciyar wanda labarin yake kansa.

Mutumin da ya fi kowa warware wannan mas'ala shi ne Kishore Kumar, wanda aka haifa a garin Khandwa a 1929, ya kuma bi sawun wansa Ashok Kumar, shahararren jarumi, zuwa Bombai. Burinsa waƙa ne, ya kuwa rera ta farko a fim ɗin Ziddi a 1948, yana kwaikwayon salon mawaƙi K. L. Saigal, har sai da makaɗin nan S. D. Burman ya yi masa nasiha da ya nemi muryar kansa. Amma da yake bai yi karatun kiɗan gargajiyar Indiya a gaban malamai ba, sai masu fim suka fi ganin amfaninsa a fagen barkwanci, inda ya yi fice a Chalti Ka Naam Gaadi na 1958, har ta kai a wasu finafinan aka aro muryar mawaƙi Muhammad Rafi aka ɗora masa.

Ga shi kuma da baiwar alƙalami. A 1964 ya fito da Door Gagan Ki Chhaon Mein, ƙissar sojan da ya komo daga yaƙi ya tarar gobara ta cinye gidansa da matarsa, firgici kuma ya ɗauke wa ɗansa magana. Shi ya rubuta labarin, shi ya ba da umarni, shi ya tsara kiɗan, shi ne kuma jarumin. Wanda ya kai ga tsara labari irin wannan, lalle ya san inda magana take gazawa, inda sai waƙa ce kaɗai za ta isar da abin da ke cikin rai.

Saboda haka, sa'ad da fim ɗin Aradhana ya fito a 1969, muryar Kishore ta dace da fuskar jarumi Rajesh Khanna dacewar da ta girgiza ƙasar Indiya, ba sa'a ce kawai ta yi aiki ba, a'a, shekara ashirin na wasa da rubutu ne suka ba da amfani. Yakan nazarci yadda jarumi yake magana da numfashi da dariya, ya rera wa Dev Anand da sigar da ta bambanta da ta Amitabh Bachchan, ta yadda kowannensu zai sa waƙar kamar rigar da aka ɗinka da awonsa. Hasali ma, ya riga ya bayyana sirrin sana'ar a Padosan na 1968, inda ya fito yana ɓuya yana rerawa, abokinsa yana motsa baki don ya sace zuciyar maƙwabciyarsa. Kafin ajalinsa ya sauka a 1987, ya karɓi kyautar Filmfare ta mawaƙi namiji har sau 8.

Wannan bahasi ya shafe mu, domin tun shekarun 1950 da 1960 gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa suka riƙa nuna finafinan Indiya, daga can kuma finafinan Hausa suka gaji aron murya. Tarihin Kishore hujja ce a kan cewa tara fasahohi ba ya raunana mai fasaha matuƙar ya sa su duka suna yi wa guda ɗaya hidima. Ya kamata mawaƙin fim ya karanta labarin, ya fahimci halin wanda zai hau waƙarsa tun kafin ya buɗe baki. Wajibi ne kuma a kan masu shirya fim su ambaci sunansa, su biya shi haƙƙinsa cikakke, gama rabin wasan da jama'a suke yaba wa jarumi shi ne ya yi shi.