Jan Mai: Nazarin Al'adar Juyen Man Giya a Ƙofar Gida

Ranar da na ce wa bakanikena ina so a yi wa motata juyen man giya, ajiye sifanar da ke hannunsa ya yi, ya dube ni kamar na ce a yi wa mai lafiya tiyata.

"Malam, giyar tana fizga ne?"

"A'a."

"Tana jinkirin shiga?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To don Allah ka bar ta. Kada ka ta da zaune tsaye."

Duk wanda ya taɓa riƙe mota mai giya otomatik a Kano ko Kaduna ya ji wannan fatawa. A can Amurka kuwa, inda da yawa daga cikin Camry da Accord ɗinmu suka yi ƙuruciyarsu kafin su biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, akwai wata al'ada daban. Magidanci zai ware safiyar Asabar, ya ɗaga motarsa a ƙofar gida, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta ya kwance kaskon giya da hannunsa. Al'ada ce mai littattafanta, irin na Haynes da Chilton, da malamanta na YouTube, da saɓanin mazhabobi. Abin dariyar shi ne, fatawar bakanikena tana can ita ma, da Turanci, a bakin tsofaffin kanikawansu. Ba jahilcin gida ba ne ke nan. Abu ne da mutane suka gani da idonsu a nahiyoyi biyu, sai dai sun yi masa fassarar da ba ita ba.

Sai an san aikin man kafin a gane gardamar. Baƙin mai a cikin inji santsi yake bayarwa, ya kwashe zafi da datti. Jan mai kuwa, wato man giya, bawa ne mai iyayengiji da yawa. Shi ne yake ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya, a cikin wani tulun ƙarfe mai siffar kabewa da kanikawa ke kira kombata: farfela biyu suna kallon juna, ɗaya tana watsa mai, ɗayar tana juyawa da ƙarfin watsin. Shi ne yake bin ƙananan hanyoyin da ke cikin gidan bawul, masu kama da ramin tururuwa, yana matse faifan kulochi, wato faiba, a lokacin da ya dace. Shi ne yake kai zafi lagireto ya dawo. Sannan santsinsa dole ya zo daidai wa daida. In ya yi yawa faiba ta zame, in ya yi kaɗan giya ta shiga da duka. Jan launin ma rini ne kawai, don in an ga ɗigo a ƙasa a san daga ina ya fito.

Kamfanin General Motors ne ya fito da giyar otomatik ta Hydra-Matic a 1939, a motocin Oldsmobile na 1940, kuma a 1949 ya tsara man da ya kira Type A. Shekaru da dama ana haɗa wannan mai da kitsen wel, ƙatuwar dabbar tekun nan, sai a farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana. Dexron ya zo a 1967, Ford yana da nasa Type F, daga baya Mercon a 1987. A wancan zamani iri biyu ko uku sun wadatar da kusan kowace mota a titi, kowace giya kuma tana da sandar auna mai a ƙarƙashin bonet. A irin wannan sauƙi al'adar juye a gida ta girma.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. Za a ɗan zaga da motar man ya yi ɗumi, a ɗaga ta a wuri mai shimfiɗe, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulo kuwa yana farfashewa ba sallama. Yawancin kaskon motocin Amurka na da ba su da notin tsiyaya, don haka sai an bi notocin kaskon ana sassautawa, a bar na gefe ɗaya a ɗaure, kaskon ya karkata man ya zubo ta kusurwa guda. A rubuce ke nan. A aikace, wanda ya yi karon farko zai tashi da jan mai har hammata, da wani wari mai ɗan zaƙi da ba ya barin riga sai an yi wanki biyu.

Amma a wannan kaskon ne ladan aikin yake. A gindinsa akwai maganaɗisu, wani lokaci biyu ko uku. Ka sa yatsa ka shafo. In abin da ya fito laushi ne, toka-toka kamar kwalli da aka dama, to giya tana tsufa ne irin na kowa. In ka ji tsini, ko ka ga ɓurɓushi yana ƙyalli kamar ƙaiƙayin ƙarfe, haƙoran giya ko boris sun fara cin juna. Baƙaƙen ɓarɓashi kamar garin gawayi, tare da ƙaurin tuwon da ya kama tukunya, faiba ce ta ƙone. Babu na'urar kwamfuta da za ta gaya maka wannan dalla-dalla yadda yatsanka zai gaya maka. A ganina wannan karatu na kasko ya fi sabon man kansa daraja, kuma shi ne abin da mai mota ke rasawa in ya miƙa makulli ya tafi shan shayi.

Daga nan sai filta. A wasu motocin ragar ƙarfe ce da ba ta cika toshewa ba, a wasu kuma matacin zare ne da dole a sauya. Akwai wani ɗan zoben roba a wuyanta da yake son maƙalewa a cikin rami. In aka manta da tsohon aka cusa sabo a kansa, famfo zai riƙa zuƙar iska, mota ta ƙi motsi da safe. Sai a wanke kasko tas, a ɗora sabon fakin, a ɗaure notoci a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, da ƙarfi kaɗan. Ƙananan notoci ne, kuma galibi cikin alminiyam suke shiga. Yawancin kaskon da ke yoyo ba sakaci ne ya jawo ba, ƙwazo ne: an ɗaure har leɓen kaskon ya lanƙwashe. Haka shi ma lafta gam, wanda yaran gareji ke so kamar man shanu. Abin da ya matso ciki yakan gutsure ya je ya toshe hanyar bawul.

Tsofaffin Honda Accord ma ba su da kaskon da ake cirewa. Noti ɗaya ne mai maganaɗisu a jiki, filtar kuma tana can ciki, sai an raba giyar gida biyu. Tsiyaya da zubawa, shi ke nan.

Yanzu ga inda lissafi ya shigo. Giyar ƙaramar mota takan ɗauki lita 7 zuwa 8, amma abin da zai zubo ta kasko bai wuce lita 3 zuwa 4 ba. Sauran yana ɓoye cikin kombata da bututu. Wanda ya cire lita 3 daga cikin 8 ya bar fiye da rabin tsohon mai. In ya yi tafiyar 'yan kwanaki ya maimaita, ya sake maimaitawa karo na uku, tsohon zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masu shagunan juye na zamani suna yi wa wannan dariya, su nuna injinsu da ke tura sabo yana korar tsoho har a sauya kusan duka a zama ɗaya. Ni kuwa ina ganin abin da suke kira naƙasu shi ne alherin hanyar gida. Giyar da ta yi kilomita 200,000 da mai ɗaya ba ta son a girgiza ta. Sabon mai yana ɗauke da sinadaran wanki masu kaifi. In ya shigo kaɗan-kaɗan, datti ya narke a hankali, filta ta kama. In ya shigo gaba ɗaya, balle an haɗa da wani ruwan wanki na gwangwani, dattin da ya shekara a kwance yana iya tashi ya zauna inda bai kamata ba.

A nan ne bakanikena yake da rabin gaskiya. Faibar da ta riga ta cinye, garin jikinta yana yawo cikin tsohon mai, yana ba shi kauri da kaushin da take ɗan kamawa da shi. Ka zubar da wannan, ka zuba sabo mai tsabta, sai ta fara zamewa. Ya ga haka ba sau ɗaya ba. Abin da bai lissafa ba shi ne, su wa ke kawo masa mota juyen man giya? Mutanenmu ba sa tuna giya sai ta fara fizga. Mara lafiya ne ake kawowa yana gargara, a ba shi magani, ya cika bayan mako biyu, a ce maganin ne. Motocin da aka yi wa juye a kan kari suna can suna yawo, ba wanda ya dawo gareji ya ba da labarinsu.

Ɗaya rabin kuma laifin kwalba ne. Zamanin da iri biyu ke wadatarwa ya wuce. Toyota tana da T-IV, sannan WS wanda ya fi shi ruwa-ruwa. Honda ta bar Z1 ta koma DW-1. Chrysler na da ATF+4. Giyar CVT, mai bel ɗin ƙarfe a maimakon haƙora, irin ta Nissan, tana da NS-2 da NS-3, kuma jan mai na gama-gari yana iya kashe ta. Amma je ka wajen masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ce a ba ka jan mai, sau da yawa kwalbar da za a miƙo maka Dexron II ko III ce a rubuce, wadda ake zuba wa sitiyari. General Motors ya fito da Dexron VI a 2005, ya daina ba da lasisin Dexron III a ƙarshen 2006. Sunan da ke jikin kwalbar yau alkawarin mai haɗa man ne kawai. Ba a ma zo maganar jabu ba. Giya nawa aka ce juye ne ya kashe su, alhali abin da aka zuba ne? A wannan fanni mai mota da ya karanta rubutun da ke jikin sandar auna mai, ko littafin motarsa, ya fi bakaniken da ke aiki da launi.

Sai dai ita kanta sandar tana ɓacewa, kuma wannan ne babban abin da ya sami al'adar. A Camry mai silinda shida ta 2007, da motoci da yawa na bayanta, ka buɗe bonet ba za ka ga inda ake auna man giya ba. Ta gefe ake ɗura shi da famfon hannu, inji yana aiki, mota a daidaice, har ya fara tsiyaya ta wani ramin awo. Kuma sai man yana kusa da digiri 40 na zafi, domin yana kumbura in ya yi zafi. Sanin wannan zafi yana buƙatar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. A watan Afrilu a Sakkwato, inda inuwa kanta ke haura 40, sai dai mutum ya yi sammako bayan asuba. Giyoyin ZF na Jamus da ke cikin BMW kuwa, kaskonsu na roba ne, filta a manne a jiki, sai dai a sayi duka.

Kamfanonin mota da dama sun ce ba komai, man na tsawon rai ne. Ran wa? Ba su fayyace ba. ZF, wanda shi ya ƙera giyar BMW ɗin, ya ba da shawarar a riƙa sauya man, musamman inda mota ke shan wahala. Su kansu littattafan motocin suna da shafi na biyu, na aiki mai tsanani: zafi, ƙura, cunkoso, lodi. Wannan shafin a wurinmu shi ne na kullum. Zafi ne babban makashin jan mai, kuma motar da ke tsaye a cunkoson Kurna da azahar, giya a D, ƙafa a birki, tana dafa manta ne a hankali. Tsawon ran da injiniya ya auna a ƙasar sanyi, ga mai ita na farko, ya ƙare tun kafin a ɗora ta a jirgi.

Ban ce kowa ya shiga ƙarƙashin mota ba. Mai giyar da ba ta da sanda, in ba shi da na'ura, gara ya nemi wanda yake da ita, domin ƙarancin mai yana ƙona faiba, yawansa kuma yana sa kumfa. Amma akwai dabarar da masu yi a gida suka daɗe da ita, wadda ban taɓa ganin an yi a garejin unguwarmu ba: su auna abin da ya fito a cikin galan mai layin lita, su mayar da daidai shi, duka biyun a sanyi ɗaya.

Ni dai da ita na yi amfani. Na sayi man da sandar motata ta ambata, na roƙi bakanikena ya ara mini raminsa ranar Juma'a da yamma, lokacin da ba kowa. Ya tsaya a kaina yana girgiza kai. Da kaskon ya sauko, shi ya riga ni kai hannu. Ya shafo maganaɗisun, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya kira yaronsa ya ce ya kawo fetur da tsumma mai tsabta, ba wancan na ƙasa ba.